Injin turbo a tsohuwar V-boot: OM606 na dizal ko 1JZ na fetur?

Shekara huɗu V-boot ɗin mahaifinmu ta yi a gindin darbejiya. Mercedes 230E ce ƙirar 1989, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Jiki kam garau yake, babu ruɓa ko ɗaya, idan ka rufe ƙofa za ka ji nauyin ƙarfen nan da babu shi a motocin yanzu. Injin ne ya gaji. Yana shan baƙin mai yana hayaƙi, kuma tun da daɗewa wani bakanike ya cire mata injekta ya ɗora kafireto, kamar yadda aka yi wa V-boot da yawa a ƙasar nan da zarar KE-Jetronic ɗinsu, wato tsarin injektarsu na asali, ya fara gardama. Da na ɗaura niyyar tayar da ita, ban yi sha'awar mayar mata da irin injinta ba. Ina da motar zuwa aiki. Abin wasa nake so na Asabar da Lahadi, wanda zan ɓata hannu da shi, idan kuma na taka totur a hanyar Zariya in ji an manna ni da kujera.

Bayan dogon tunani da yawon kasuwa, injuna biyu suka rage a gabana. Ɗaya ɗan gida ne, OM606 na Mercedes mai shan dizal. Ɗayan baƙo ne daga Japan, 1JZ-GTE na Toyota mai shan fetur. Kowanne silinda shida ne a jere, bulok na ƙarfe, bawul 24, kuma kowanne da turbonsa aka haife shi. Wannan na ƙarshe shi ya sa na ajiye tunanin ɗaura wa injin V-boot na asali turbo: injin da kamfani ya gina don turbo, fistin ɗinsa da kwanrod da hanyar mansa duk an yi su ne don su ɗauki matsin. Aikin turbo kuwa ba boka ba ne. Hayaƙin da ke fita shi ke juya wata 'yar fanka, sama da juyi 100,000 a minti, ita kuma ta juya ta biyu da ke cusa wa inji iska fiye da yadda zai iya zuƙa da kansa. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Zafi ma ya ƙaru, kuma shi ne abin da za ka yi ta fama da shi.

Wani zai ce ina 2JZ-GTE na Supra? Suna ya tsadadda shi. Kuɗin injin kaɗai zai iya ƙare maka aikin gaba ɗaya da ɗaya daga cikin waɗannan biyun, don haka na bar shi ga masu hali.

A takarda, Toyota ta yi wa Mercedes fintinkau. 1JZ-GTE lita 2.5 ne, doki 280 a juyi 6,200, kuma wannan 280 ɗin ma iyaka ce da kamfanonin Japan suka sa wa kansu a wancan zamani. OM606 mai turbo, wanda ya zo a E300 Turbodiesel ƙirar W210 (wadda ta biyo bayan V-boot) daga 1997 zuwa 1999, lita 3.0 ne, doki 177. Amma a ƙarfin ja, wanda ake aunawa da Nm, tazarar ta tsuke: na Mercedes Nm 330 tun daga juyi 1,600, na Toyota na farko Nm 363 amma sai ya hau can sama, na baya mai VVT-i (tsarin sauya lokacin buɗe bawul) da ya fito a 1996 kuma Nm 378 a juyi 2,400. A kan titi, dizal ɗin yana tura ka tun daga ƙasa ba tare da hayaniya ba, Toyota kuma sai allura ta hau sannan ta buɗe murya, ta yi ta tafiya har kusan 7,000. Wanda ya taɓa jin kukan 1JZ a sama ya san dalilin da ya sa mutane ke haukacewa a kansa. Ban raina wannan ba.

Sai dai ba a takarda ake ɗora inji ba, a gareji ake yi, kuma a nan ne OM606 ya fara cin galaba. V-boot, wato W124 da aka ƙera daga 1984 zuwa tsakiyar shekarun 1990, daga masana'anta ta fito da dangin wannan inji. Akwai 300D mai OM603, akwai ma E300 Diesel ta 1993 zuwa 1995 mai ainihin OM606 maras turbo. Wurin zamansa yana nan a cikin motar. Ƙafafun inji na V-boot mai dizal kawai za ka nema, ba yanka, ba walda. Bakin giyabos ma ɗaya ne tsakanin injunan fetur na V-boot (M102 da M103 da M104) da waɗannan injunan dizal, noti ya hau noti. Kar wannan ya ruɗe ka ka bar giyabos ɗin 230E a wurin. Na otomatik ɗinta, 722.4, ƙarami ne, ƙarfin jan dizal mai turbo zai cinye shi. A nemo 722.3 na manyan injuna, wanda da mai da iska yake aiki ba ruwansa da kwamfuta. 722.6 mai giya biyar ya fi daɗin tafiya mai nisa, amma sai an saya masa na'urar sarrafawa ta daban. Bak-aksul ma sai an duba, domin dizal ba ya son juyi mai yawa. Na 300D Turbo mai lamba 2.65 shi ne daidai. Idan ka bar na 230E, a gudun 120 za ka ji injin yana ihu yana neman giyar da babu.

Zuciyar wannan aiki ita ce famfon dizal. OM606 mai turbo yana zuwa da famfon Bosch da birenbos, wato kwamfutar inji, ke sarrafawa, birenbos ɗin kuma a ɗaure yake da makullin motar da aka ciro shi. Masu wannan sha'awa, musamman a Finland da Sweden inda abin ya zama kamar al'ada, sun daɗe da gano mafita: a cire wannan famfon a sa na OM603 mai turbo, wanda babu waya a aikinsa, kebul ɗin totur ne kawai ke ja. Da zarar an yi haka, injin ba ya buƙatar lantarki sai wajen tashi. Kashe shi ma da iska ake yi, ta wani siririn tiyo daga makulli. Famfon 603 yana da 'yan fistin masu kaurin milimita 5.5, wanda ya isa ya ba ka kusan ƙarfin asali. A sa masa na milimita 6 da aka zare daga famfon 606 ɗin da aka cire, ƙarfi ya ƙaru. Masu zurfafawa suna sa 7.5 da babbar turbo irin Holset ta manyan motoci, har su wuce doki 400 ba tare da sun buɗe cikin inji ba. Ni ban je can ba, kuma ban ba mai farawa shawarar ya je ba, domin daga nan giyabos da aksul da birki duk sai sun zama wani sabon aiki.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne masu gyaran irin wannan famfo ba su yi mana nisa ba. Famfon Bosch mai jere shi ne a manyan motocin Mercedes irin 911 da suka cika hanyoyinmu shekaru da yawa, har kamfanin ANAMMCO na Inugu ya riƙa haɗa motocin Mercedes tun farkon shekarun 1980. Duk garin da ke da tashar manyan motoci yana da dattijon da ke da bencin saita famfo da nozul. Ba lallai ya taɓa jin sunan OM606 ba, amma idan ka ajiye masa famfon a kan tebur ya san abin da yake kallo.

Tarkon da ke cikinsa kuwa na kusa faɗawa. Wani mai sayar da injunan Beljiyam ya kira ni ya ce kaya sun sauka. Muka je da bakanikena. Inji a wanke tas, turbo a ɗaure a gefe tana ƙyalli.

"Alhaji, wannan ko a Jamus sai an tona," in ji mai kaya. "Ga turbo kana gani da idonka."

Bakanikena bai ce komai ba. Ya jiƙa tsumma da fetur ya goge jikin bulok ta ɓangaren famfo, ya haska da fitilar waya.

"Yallaɓai, zo ka karanta da kanka."

606.912 aka buga. Wannan lambar maras turbo ce ta W210. An ɗaura masa manifol da turbo ne daga baya. Mai turbo na gaskiya daga W210 lambarsa 606.962, na V-boot maras turbo kuma 606.910. Daga waje kamar tagwaye suke, amma kwanrod ɗin maras turbo ya fi siranta, ka matsa masa iska da mai ya lanƙwashe. Mai kaya ya rantse shi ma haka aka turo masa, wataƙila kuma gaskiyarsa ne. Muka yi sallama.

Abu na biyu da za a duba kafin a biya kuɗi shi ne hita-fulog, waɗanda ke ɗumama injin dizal kafin ya tashi. A OM606 dogaye ne sirara, suna kamewa a cikin tof silinda na alminiyam, garin kwancewa su karye a ciki. Ka sa a kwance duka shidan a gabanka. Idan mai kaya ya ƙi, ka san akwai magana. Sauran aikin ƙanana ne amma suna da yawa: a sauke tanki a wanke, a cire famfon fetur na lantarki tunda dizal ɗin yana da nasa mai jawo mai, a canza wa turbo abin buɗe ƙofar hayaƙi zuwa mai aiki da matsin iska tunda birenbos ɗin da ke sarrafa na asali ya tafi, a kuma sa agogon zafin hayaƙi a gaban direba, domin dizal da aka ƙara wa mai yana iya narka fistin alhali agogon ruwa bai motsa ba.

To, 1JZ fa? Matsalarsa ta farko samunsa. Motocin da suka zo da shi, Chaser da Mark II da Cresta da Soarer da Crown, na kasuwar Japan ne masu sitiyari a dama. Mu kuwa tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu, don haka waɗannan motoci ba su taɓa cika titunanmu ba. Ba inji ba ne da za ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka tarar an jera. Yawanci sai an yi oda ta wajen masu kawo kaya daga Sharjah, inda ake tara yankakkun motocin Japan. Idan za ka yi odar, kar ka karɓi inji tsirara. Ka nemi rabin mota na gaba gaba ɗaya, da giyabos da birenbos da wayoyi ba a yanke ba, da dukkan sansa. Abin da aka rage maka a wurin saye, sai ka biya ninkinsa wajen nema ɗaya bayan ɗaya.

Cikinsu ma akwai zaɓi. Na farko, daga 1990, turbo biyu ne ƙanana masu fankar tangaran, suna tashi da wuri amma idan aka matsa musu iska ta wuce ƙima fankar takan farfashe. Birenbos ɗin wancan zamani kuma 'yan kapasiton cikinsa masu kama da ƙananan batira suna yoyo idan sun tsufa, mota ta riƙa yin abin da ba a gane kansa. Mai VVT-i turbo ɗaya ce, ya fi sauƙin sha'ani, kuma shi zan zaɓa, musamman na Chaser ko Mark II ƙirar JZX100. Na bayansa, JZX110, totur ɗinsa na lantarki ne kuma wayoyinsa sun fi sarƙewa da sauran jikin mota.

Wajen zama, sa'a ɗaya aka yi: turbon 1JZ a gefen dama take, akwatin sitiyarin V-boot ɗinmu da tukunyar birki kuma suna hagu, ba su haɗu ba. Daga nan sa'ar ta ƙare. Ƙafafun inji sai an ƙera. Kaskon baƙin mai iri-iri ne, na Chaser da Mark II tulunsa a gaba, na Soarer a baya, kuma sai wanda ya kauce wa gadar ƙasan motar zai zauna. Giyabos na Toyota ne, ko otomatik ɗin da ya zo da shi ko R154 mai giya biyar na hannu, wanda shi ma ya yi tsada yanzu. Farfela sai an yanka an haɗa, gaba Toyota baya Mercedes, a kuma daidaita ta a kan na'ura. Idan mai walda ya yi ta da ido, a gudun 100 za ka ji motar tana rawar sanyi. Agogon gudun V-boot da kebul yake aiki, giyabos ɗin Toyota na wannan zamani kuma da sansa. Bututun iyakwandishan sai an haɗa sababbi. Kowanne ana iya yi, amma kowanne mako ne ko biyu, da kuɗi, da komawa a sake.

Sannan wayarin. A nan ne ayyuka irin wannan suke mutuwa. Ana buƙatar mai lantarkin da zai zauna da taswirar wayoyi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba mai fere waya ya ɗanɗana a jikin bodi ya ga ko za ta yi tartsatsi ba. Akwai masu iyawa, amma ba su da yawa, kuma ka tambayi kanka ranar da motar ta mutu a tsakanin Gusau da Sakkwato wa zai taɓa ta. Kayan gyara na yau da kullum da ɗan sauƙi, tunda ɗan'uwansa 2JZ-GE maras turbo yana cikin Lexus GS300 da IS300 da muke da su, wasu abubuwan kamar filtar mai suna shiga. Amma ba duka ba. Taimin-bel ɗinsu ma ba tsawonsu ɗaya ba, kuma shi 1JZ da bel yake aiki, dole a sa sabo kafin a ɗora inji. OM606 da sarƙa yake.

Abin da ya yanke mini hukunci shi ne mai. An tsara 1JZ-GTE ne don fetur mai daraja na Japan, mai lambar oktan (ma'aunin juriyar fetur ga matsi) kusan 100. Namu na gidan mai kusan 91 ne, shi ma idan an samu mai kyau. Haɗa wannan da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, da iskar da turbo ta matsa ta ƙara mata zafi, sai fetur ya riƙa kamawa kafin fulogi ya ba shi wuta. Birenbos yana da sansa mai jin wannan ƙarar ya ja da baya, amma ja da bayan yana nufin dokin nan 280 da ka biya kuɗinsu ba duka za ka gani ba, kuma ranar da ka sha man bumburutu ka taka har ƙasa, fistin ne zai biya. Ana magance shi da babbar intakula mai sanyaya iskar turbo da birenbos na musamman da aka saita don manmu, wato ƙarin kuɗi da ƙarin gwani. Dizal ba shi da wannan ciwon, da matsi yake kamawa tun asali. Abin tsoronsa ruwa da datti a mai, kuma filta mai raba ruwa ta isa. Gaskiya ne litar dizal ta fi ta fetur tsada a Najeriya, ko bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 tazarar raguwa ta yi kawai, amma OM606 bai kai 1JZ sha ba ko kusa. A motar Asabar da Lahadi ma wannan lissafin ba shi ne babba ba.

Akwai kuɗin da babu makawa ko wanne ka ɗauka, kuma masu farawa sukan manta da shi. Duka biyun sun fi injin 230E nauyi sosai, sai an sa sifirin da shokozoba na V-boot mai silinda shida, in ba haka ba hanci ya duƙa. Birki a ɗauko na E320. Jikin motar zai ɗauki ƙarfin, tunda a kansa aka gina 500E mai doki 326 tare da Porsche, amma ita ma sai da aka faɗaɗa mata ƙafa aka canza birki. Lagireto sabo babba, intakula a gaba inda iska ke bugu, kuma don Allah kar a bar bakanike ya cire tamostat ya cika da ruwan rijiya kamar yadda aka saba. Filtar iska ta zama a cikin akwati, ba irin buɗaɗɗiyar nan ta ado ba, domin ƙurar hunturu tana cin fankar turbo kamar sanfefa. Takardu kuma: lambar inji tana cikin takardun mota, ka riƙe rasit ɗin saye ka je ofishin lasisi a gyara, kar wata rana a shingen hanya ka rasa bakin magana.

Idan kana da mai lantarkin da ka yarda da shi, kana da hanyar odar kaya daga waje, ba ka damu motar ta shekara a kan jak ba, kuma abin da kake nema shi ne wannan kukan da gudu a sama, ɗauki 1JZ mai VVT-i, ka ware kuɗin saita shi don manmu tun farko. Idan kuwa aikinka na farko ne, kana so ka gama ka hau, ka je Jos ka dawo ba tare da lambar bakanike a tafin hannu ba, OM606 da famfon 603 ne naka. Za ka haƙura da karkarwar dizal a sulo, da ɗan baƙin hayaƙi idan ka taka, da tsokanar abokai cewa ka mayar da motar Baba janareto.

Ni na ɗauki dizal ɗin. Sai a karo na uku muka samu mai lamba 606.962, hita-fulog biyar suka fito lafiya, na shida ya sha kwana biyu ana jiƙa shi da mai kafin ya saki. Famfo yana wajen dattijon tasha, ya ce in dawo bayan sallar Juma'a. Bak-aksul mai 2.65 ne har yanzu ban samu ba.